Aron Fuska: Nazarin Harshen Talla a Kamfanonin Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Talla tana ɗaya daga cikin fagagen da ɗalibin harshe ke nazari domin ya ga yadda ake sarrafa magana a karkato da ra'ayin mai sauraro. Tun daga yarinyar da ke yawo da farantin goro a ka tana rera sunan hajarta, har zuwa mai maganin gargajiya da ke kafa lasifika a bakin kasuwa, manufar ɗaya ce, wato a sa mai kuɗi ya sa hannu a aljihu. Sai dai akwai wani nau'in talla da ba ya dogara da yabon haja kai tsaye. Abin da akan yi shi ne a nemo mutumin da jama'a suka sani, suke kuma ƙauna, a tsayar da shi kusa da hajar, a bar farin jininsa ya yi sauran aikin. Wannan dabara ita ce aka kira aron fuska a wannan darasi.

An zaɓi kamfanonin kwamfuta ne a matsayin abin misali saboda wani dalili. Mai sayen atamfa yana iya murza ta ya ji kaurinta, mai sayen doya yana iya ɗaga ta ya ji nauyinta, amma yawancin masu sayen kwamfuta ba su da hanyar gane abin da ke cikinta. Duk inda kuwa mai saye ya kasa auna haja da kansa, dole ya jingina da maganar wani. Misalan da za a kawo galibi daga Amurka suke, domin a can ne manyan kamfanonin suka tashi, kuma sun faro daga 1981 zuwa 2021. Abin da ake so ɗalibi ya fita da shi shi ne iya rarrabewa tsakanin abin da talla ta faɗa game da haja da abin da ta bar shi ya raya a zuciyarsa.

2.0 Dillali da Tauraro

Kafin a tsallaka Amurka, yana da kyau a fara da abin da aka sani. Baƙon da ya je kara sayen sa, in bai san dabba ba, dillali yake nema. Dillalin kirki yana da abubuwa uku. Na farko, ya san hajar, yakan buɗe bakin sa ya duba haƙora ya faɗi shekarunsa. Na biyu, kowa ya san yana karɓar la'ada, ba a ɓoye take ba. Na uku, gobe ma yana nan a rumfarsa, idan dabbar ta zamo ta sata ce ko mai ciwo, an san inda za a same shi. Waɗannan abubuwa ne suka sa ake ɗaukar maganarsa da nauyi.

Tauraron da kamfani ya ɗauko yana tsayawa ne a gurbin dillali, amma sau da yawa abu ɗaya kawai ya gada daga cikin ukun, wato la'ada. Ba lalle ne ya san abin da ke cikin na'urar ba, kuma idan ta lalace ba wanda zai kai masa ƙorafi. To, me ya sa duk da haka ake sauraron sa?

Masanin falsafar nan na Girka, Aristotal, ya daɗe da bayyana cewa hanyoyi uku ake bi a shawo kan mai sauraro: kafa hujja, da motsa zuciya, da kuma mutuncin shi mai maganar. Aron fuska ya ta'allaƙa ne ga ta ukun. A 1989 wani masanin al'adu ɗan ƙasar Kanada mai suna Grant McCracken ya faɗaɗa bayanin. A ganinsa, kowane shahararren mutum yana ɗauke da wasu ma'anoni da ya tara daga rawar da ya taka a bainar jama'a, kamar jarunta ko dattaku ko ƙuruciya ko wayewa. Talla takan kwashe waɗannan ma'anoni ta ɗora wa haja, shi kuma mai saye sai ya ji kamar ya mallake su da zarar ya biya kuɗi. Hausawa sun taƙaita wannan tun tuni da suka ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Abin lura kawai shi ne, a nan ƙadangaren ne ke biyan kazar.

3.0 Zamanin Tsoron Na'ura

A farkon shekarun 1980 kwamfuta baƙuwa ce a gidajen Amurka. Abin da mutane suka sani shi ne wata ƙatuwar na'ura da ke cika ɗaki a banki ko ma'aikatar gwamnati, wadda sai ƙwararru ke taɓawa. Wasu na tsoron za ta raba su da aikinsu, wasu na tsoron kunyar kasa sarrafa ta. Saboda haka matsalar farko da kamfanoni suka fuskanta ita ce ta kawar da fargaba, tun kafin a zo batun farashi.

Kamfanin IBM ya fito da ƙaramar kwamfutarsa a watan Agustan 1981. Shi dai IBM an san shi da girma da tsare gida, ma'aikatansa cikin baƙar kwat da farar riga, abokan cinikinsa manyan ma'aikatu. Irin wannan kamfani ba shi da fuskar da zai shiga shagon ƙaramin ɗan kasuwa da ita, don haka sai ya aro. Fuskar da ya aro kuwa ita ce ta ɗan yawon nan mai guntun gashin baki da ƙatuwar takalma da sanda, wanda ɗan wasan barkwancin Ingila, Charlie Chaplin, ya ƙirƙira a zamanin finafinan da ba a magana. Chaplin ya rasu tun 1977, saboda haka aka sayi izini daga magadansa, aka ɗauko wani ɗan wasa mai suna Billy Scudder ya yi shigar. A cikin tallace-tallacen akan nuna ɗan talikin nan yana fama da wata ƙaramar sana'a, misali sayar da huluna, takardu sun yi masa katutu, ya rasa inda zai sa kansa, sai ya sami kwamfuta, al'amura su daidaita. Ba ya cewa uffan, wata murya ce daga gefe take bayani. Saƙon a fili yake: in dai wannan bawan Allah mai tuntuɓe da ƙafarsa zai iya, to kowa ma zai iya.

Akwai wani abin mamaki a nan da ya kamata ɗalibi ya tsaya ya duba. A 1936 Chaplin ya fitar da fim mai suna Modern Times, inda wannan ɗan yawon yake aiki a masana'anta yana ɗaure kusoshi ba hutawa, har injin ya haɗiye shi ya riƙa juya shi a tsakanin haƙoransa, daga bisani ya zautu. Fim ne na sukar yadda na'ura ke mayar da ɗan Adam bawa. Shekaru 45 bayan haka, sai ga wannan mutumin yana rungumar na'ura yana murmushi. Wato tallar ta ɗauki rabin ma'anar mutumin, ɓangaren tausayi da ban dariya, ta zubar da sauran rabin. Haka aron fuska yake a kullum, ba a ɗaukar mutum gaba ɗayansa. IBM ya ci gaba da wannan salo har 1987, sannan ya koma ga 'yan wasan wani sanannen shirin talabijin mai suna M*A*S*H.

Sauran kamfanoni rayayyun taurari suka ɗauko, kuma zaɓin kowanne yana nuna wanda yake son ya yi wa magana. Kamfanin Commodore ya ɗauki William Shatner, wanda ya fito a matsayin kyaftin ɗin jirgin sararin samaniya a shirin Star Trek, ya tallata kwamfutar VIC-20 da ake sayarwa a ƙasa da dala 300 kaɗan. Shatner ɗan wasa ne, bai taɓa ƙera na'ura ba, amma idon mai kallo ya saba ganin sa kewaye da maɓallai da fitilu, don haka sai ya zama kamar baƙo daga zamani mai zuwa. Tallar takan tambayi iyaye dalilin da zai sa su saya wa yaro na'urar wasa kawai alhali ga kwamfuta sukutum a kusan wannan farashi. VIC-20 ita ce kwamfutar farko da aka sayar da guda miliyan ɗaya.

Kamfanin Texas Instruments kuwa Bill Cosby ya ɗauka domin kwamfutarsa ta TI-99/4A. A wancan lokaci Cosby ya yi suna a matsayin mai barkwanci da ya iya hira da yara, ga shi kuma da digirin digirgir a fannin ilimi daga Jami'ar Massachusetts. Iyayen da ke fargabar kada a bar 'ya'yansu a baya su ne aka nufa. Amma fa fuska ba ta gyara lissafi. Commodore yana da masana'antarsa ta ƙera ƙananan sassan da ke cikin kwamfuta, saboda haka yana iya karya farashi ya kuma ci riba. Texas Instruments ya bi shi, ya yi ta ragi har kwamfutar da ta fara a dala 525 a 1981 ta sauko dala 99 a 1983, ana sayar da ita a kan faɗuwa. A cikin wata uku kacal na wannan shekara kamfanin ya yi asarar fiye da dala miliyan 100, kuma a watan Oktoba ya sanar da fita daga kasuwar kwamfutocin gida. Farin jinin Cosby ya jawo masu saye, amma kowace kwamfuta da aka saya ƙarin rami ce ga kamfanin. Shi kansa Cosby daga baya sunansa ya ɓaci, kotu ta same shi da laifin cin zarafin wata mace a 2018, kodayake kotun ƙolin jihar Pennsylvania ta soke hukuncin a 2021. Kamfanin da ya aro fuska ba shi da iko da abin da mai fuskar zai aikata gobe.

Mutum ɗaya a wannan zamani ya ɗan yi kama da dillalin gaskiya, shi ne marubuci Isaac Asimov, wanda ya tallata kwamfutocin TRS-80 na kamfanin Radio Shack. Asimov masanin kimiyya ne, ya wallafa ɗaruruwan littattafai, kuma da irin wannan kwamfuta yake rubutu. Idan ya ce tana sauƙaƙa aikin marubuci, yana magana ne a kan abin da hannunsa ya taɓa.

4.0 Tallar da Babu Haja a Cikinta

Misalin da ya fi kowanne dacewa da nazarin salo shi ne na kamfanin Apple a 1997. A wannan shekara kamfanin yana bakin durƙushewa, ya yi asarar fiye da dala biliyan ɗaya. Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, wanda ya bar shi tun 1985, ya dawo ya karɓi ragama. Kwamfutar iMac ba ta fito ba sai a watan Agustan 1998. Mai shagon da kantarsa ba kaya, me zai tallata?

A ƙarshen watan Satumban 1997 aka fara nuna wata talla ta minti ɗaya a talabijin. Hotuna ne marasa launi na mutane daban-daban suna wucewa ɗaya bayan ɗaya: masanin kimiyya Albert Einstein, da mai fafutukar 'yancin baƙar fata Martin Luther King, da Mahatma Gandhi na Indiya, da ɗan dambe Muhammad Ali, da mai zane Pablo Picasso, da matuƙiyar jirgin sama Amelia Earhart, da mawaƙi Bob Dylan, da wasunsu. Muryar ɗan wasa Richard Dreyfuss tana bin hotunan tana jinjina wa waɗanda ake wa kallon mahaukata saboda sun ƙi bin turbar da kowa ke bi, har suka sauya duniya. Daga farko har ƙarshe ba a nuna kwamfuta ba, ba a ambaci farashi ba, ba a faɗi abin da na'urar ke iya yi ba. A ƙarshe sai tambarin kamfanin ya bayyana tare da kalmomi biyu na Ingilishi, Think different, ma'ana mutum ya yi tunani na daban.

Idan aka zo da ma'aunin dillali, wannan talla ba ta da abin cewa. Gandhi an kashe shi a 1948, Einstein ya rasu a 1955, babu ɗayansu da ya taɓa ganin kwamfutar tebur, balle ya ce wannan ta fi waccan. Gandhi ma an san shi da kiran mutanen Indiya su koma kaɗi da hannu su ƙaurace wa yadin masaƙun Ingila. Marubuci Salman Rushdie ya yi tsokaci a kan wannan a mujallar Time a 1998, inda ya nuna yadda aka raba Gandhi da tarihinsa aka mayar da shi alamar da kowa ke iya liƙa wa abin da ya ga dama.

Amma ta fuskar salo, dabarar tana da ƙarfi ƙwarai, kuma ga inda ƙarfin yake. Tallar ba ta faɗi ƙarya ko ɗaya ba, domin ba ta yi iƙirarin komai ba. Ba ta ce Einstein ya yi amfani da Apple ba. Jerawa kawai ta yi, ta ajiye fuskoki a gaba, tambari a baya, ta bar mai kallo ya ƙulla zaren da kansa: waɗannan mutane na daban ne, wannan kamfani na daban ne, wanda ya sayi kayansa ma na daban ne. Hukuncin da mutum ya yanke da kansa kuwa ya fi wanda aka yanke masa zama a rai. Maroƙin da ya ƙware ya san wannan. Idan yana son ya kambama wani attajiri, ba sai ya lissafa dukiyarsa ba, sai ya jero sunayen manyan da suka shuɗe, ya kawo nasa a ƙarshe, mai sauraro ya cike gurbin. Bugu da ƙari, tallar ta juya rauni ya koma abin alfahari. Masu amfani da Apple a lokacin 'yan tsiraru ne, sai aka ce musu ai duk manyan duniya a cikin 'yan tsiraru suke.

Hatta taken kansa ya jawo muhawarar nahawu. A ƙa'idar Ingilishi, kalmar da ke bayanin aikatau bayanau ce, amma kalmar da aka sa a nan sifa ce. Malaman makaranta da dama sun ce kuskure ne. Masu kare taken suka ce kalmar tana nuni ne ga abin da za a yi tunani a kai, ba yadda za a yi tunanin ba. Ko ma wane ne da gaskiya, taken da ke kiran a saɓa wa al'ada ya fara da saɓa wa nahawu, kuma gardamar ta ƙara sa shi a bakin mutane. Har ila yau, mutane da yawa sun ɗauke shi a matsayin zambo ga IBM, wanda tsohon takensa kalma ɗaya ce, Think, wato yi tunani.

5.0 Mutuntarwa

A nazarin adon harshe, mutuntarwa ita ce a ba abin da ba mutum ba halayen mutum. Daga 2006 zuwa 2009 Apple ya fito da wannan adon a zahiri. Mutum biyu ne ke tsayawa a farin fili, ɗaya ya ce shi ne Mac, wato kwamfutar Apple, ɗayan ya ce shi ne PC, wato kwamfutar da ke aiki da Windows na kamfanin Microsoft. Justin Long ne Mac, matashi cikin shigar shan iska, hannu a aljihu. John Hodgman ne PC, cikin kwat da laktaye da tabarau, kullum yana cikin matsala, yau mura ta kama shi, wadda ke wakiltar cutar kwamfuta, gobe ya daskare a tsakiyar magana. An nuna irin wannan talla guda 66 a Amurka. A nan an wuce matakin tauraro ya yabi haja, shi ne ya zama hajar. Su biyun ma ba su kai ga babban suna ba kafin tallar, ita ce ta ƙara fito da su.

Ga ɗalibin fassara akwai darasi a yadda aka kai tallar wasu ƙasashe. Ba a ɗora wa ta Amurka wata murya aka tura ba. A Ingila an ɗauko 'yan barkwancin ƙasar, David Mitchell da Robert Webb. A Japan an ɗauko wasu 'yan wasa biyu da ake kira Rahmens, aka kuma sassauta zolayar, domin a al'adarsu yabon kai da muzanta abokin gaba a fili abin ƙi ne. Fuskar da ke da ma'ana a wata ƙasa ba ta da ita a wata.

Microsoft ya yi yunƙurin ramawa a 2008, lokacin da Windows Vista ke shan suka. Ya ware kimanin dala miliyan 300 domin yaƙin talla, ya haɗa ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, Bill Gates, da shahararren mai barkwanci Jerry Seinfeld, wanda jaridu suka ruwaito an biya dala miliyan 10. A talla ta farko an nuna su a shagon takalma suna hirar da ba ta da kai, a ta biyu kuma sun tare a gidan wasu talakawa. Masu kallo suka kasa gane abin da ake sayarwa. Cikin makonni kaɗan aka daina nuna su, kodayake kamfanin ya ce dama haka ya tsara. Wasu ma sun tuno cewa a tsohon shirin Seinfeld na talabijin, kwamfutar da ke kan teburinsa ta Apple ce. Abin da ya maye gurbinsu shi ne tallar da ta nuna mutane iri-iri, malamai da manoma da masu bincike, kowa na cewa shi PC ne. Wato an karɓe kalmar da aka yi zambo da ita an mayar da ita kirari.

Kamfanin HP ya bi wata hanya a 2006. Ya ɗauko mashahurai irin su mawaƙi Jay-Z da 'yar wasan tanis Serena Williams, amma bai nuna fuskokinsu ba. Daga wuya zuwa ƙugu kawai ake gani, hannaye na motsi, mai maganar yana bayyana abin da ya ajiye a kwamfutarsa, sai a ƙarshe a rubuta sunansa. Wannan ya fi kusa da shaida, tunda aƙalla ana maganar abin da na'urar ke yi.

6.0 Inda Asiri Kan Tonu

Da aka shiga shekarun 2010 mutane sun fara gane cewa tauraro haya aka ɗauko shi, saboda haka kamfanoni suka ɓullo da ba su muƙamai. A 2011 Intel ya naɗa mawaƙi will.i.am daraktan ƙirƙira. A 2013 Lenovo ya kira ɗan wasa Ashton Kutcher injiniyan kaya, BlackBerry mai ƙera wayoyi kuma ya ba mawaƙiya Alicia Keys muƙamin darakta. Wannan aikin harshe ne tsantsa, an sauya sunan ɗan talla da na ma'aikaci domin a ba shi kamannin dillalin da ya san haja.

Na'urar da kanta ce ta riƙa fallasa su. A wancan lokaci dandalin Twitter, wanda aka sauya wa suna zuwa X a 2023, yakan nuna irin na'urar da aka aiko saƙo da ita. A watan Nuwamban 2012 Oprah Winfrey ta rubuta cewa tana ƙaunar kwamfutar Surface ta Microsoft har ta sayi 12 domin kyauta, sai ga shi a ƙasan saƙon an nuna daga iPad na Apple ya fito. A 2013 an ga saƙo a shafin Alicia Keys da aka aiko daga iPhone, ta ce kutse aka yi mata, kuma cikin shekara guda suka rabu da BlackBerry. A 2021 kuma sai ga Justin Long, wanda duniya ta sani da Mac, a tallar Intel yana yabon PC yana zolayar Apple.

Saboda irin wannan ne hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka, FTC, take da ƙa'idoji, waɗanda aka sabunta a 2009 da 2023. Sun tanadi cewa idan talla ta nuna mutum yana amfani da haja, to lalle ya kasance yana amfani da ita da gaske, kuma a bayyana alaƙar kuɗi a duk inda mai kallo ba zai zaci akwai ta ba. Sai dai irin tallar 1997 ta sha ƙarƙashin waɗannan ƙa'idoji, tunda ba ta ce kowa ya yi amfani da komai ba.

7.0 Koyar da Darasin a Aji

Yaran da malami zai tarar a aji ba su san Chaplin ko Shatner ba, amma sun san dabarar. Sun ga allunan kamfanin sadarwa na Glo ɗauke da hotunan jaruman finafinan Hausa irin su Ali Nuhu da Sani Danja, suna kuma ganin masu barkwanci a waya suna yabon sababbin wayoyin hannu. A Nijeriya hukumar ARCON, wadda ta maye gurbin APCON a 2022, ita ke kula da harkar talla, kuma daga ranar 1 ga Oktoban wannan shekara ta hana amfani da fuskoki da muryoyin 'yan ƙasashen waje a tallace-tallacen da ake yi domin kasuwar ƙasar. Wannan ya ƙara buɗe wa taurarin gida ƙofa. Batun ya shafi malami ta wata fuskar ma, domin a makarantu da yawa shi iyaye ke tambaya wace kwamfuta ko waya ya kamata a saya wa yaro, kuma kuɗin da za a kashe na iya zama albashin watanni. Idan shi ma hoton da ke jikin allo ya bi, an yi cinikin biri a sama.

Hanya mafi sauƙi ta gabatar da darasin ita ce malami ya kawo talla guda ɗaya ta gaske, daga jarida ko hoton allon bakin titi. Sai ya sa ɗalibai su kwafe duk kalmomin da ke ciki a allo, sannan ya rufe fuskar tauraron da takarda. Daga nan sai a bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya ana tambaya wacce ce za a iya gwadawa a tabbatar. Jimlar da ta ce batir yana kai awa 10 ana iya gwada ta da agogo. Jimlar da ta ce na'urar ta manyan mutane ce ba ta da ma'auni. Sau da yawa ɗalibai kan yi mamakin ƙarancin abin da ya rage. Bayan haka sai a buɗe fuskar, a tambaye su halayen da suka san mutumin da su, da inda ya samo su, da kuma waɗanda tallar ta ɗauka da waɗanda ta bari.

A matsayin jinga, kowane ɗalibi ya rubuta tallar rediyo ta daƙiƙa 30 da Hausa domin wata ƙaramar kwamfuta ta 'yan makarantar sakandare, sau biyu. A ta farko kada ya ambaci kowane mutum, ya tsaya ga abin da na'urar ke yi da farashinta. A ta biyu ya zaɓi wani sanannen mutum, ya rubuta abin da zai faɗa, sannan ya bayyana a sakin layi ɗaya halin da ya aro daga gare shi da irin adon harshen da ya yi amfani da shi. A karanta duka biyun a gaban aji, a ƙirga hannayen waɗanda kowacce ta ja ra'ayinsu, sannan a tambayi waɗanda suka zaɓi ta biyun abin da suka sani game da kwamfutar.